Gwajin Tsani: Yadda Muka Ƙare Ni Da Baba

Yau dai ba labarin soyayya na kawo muku ba, ba kuma na kishiyoyi ba. Magana ce a kan bindiga da harsashi, na kuma san da jin haka wasu za su ɗaure fuska. Ban ga laifinsu ba, domin a gida yanzu in aka ce bindiga, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ƙauyen da aka tasa da mutanen da aka yi garkuwa da su. To amma inda neman abinci ya kawo ni, wato wani ɗan ƙaramin gari a jihar Fensilbaniya ta Amurka, bindigar farauta kayan gida ce kamar fartanya a wurin manomi. Doka ta yarda mutum ya mallake ta, ta kuma yarda ya zauna a gidansa ya ɗura harsashinsa da hannunsa. A kan wannan ɗuri nake son mu ɗan tattauna, musamman wani gwaji da masu yin sa suka yi imani da shi ƙwarai, wanda suke kira gwajin tsani.

Wanda ya koya mini wannan aiki maƙwabcina ne, wani dattijo Bature da ya haura shekara 70, wanda ya yi ritaya daga aikin injin sassaƙa ƙarfe. Tun farkon zamanmu bakina ya kasa kiran sunansa gatsau kamar yadda suke yi a nan, sai nake ce masa Baba. Da ya tambayi ma'anarta na gaya masa, sai ya yi dariya ya ce ya karɓa, shi kuma ya koma ce mini ɗana. A garejinsa yake da teburin ɗuri, kuma a bisa kantar da ke saman teburin akwai littattafan rubutu jere, sun fi 20, na farkonsu ɗauke da kwanan watan 1979. Duk harsashin da ya taɓa ɗurawa yana ciki: ranar, irin albarushin, nauyinsa, yanayin iska, da inda harbin ya sauka. Ka riƙe zancen littattafan nan mai karatu, don su ne suka sa maganar ta yi mini nauyi daga baya.

Harsashi abu huɗu ne aka haɗa. Akwai kwanson tagulla, akwai firaima, wato ɗan maɓallin da ke gindin kwanson wanda allurar bindiga ke sara ya tada wuta, akwai albarushi, sai kuma kan harsashin kansa, dalma ce da aka sa wa rigar jan ƙarfe. Idan an harba, kwanson kaɗai ke saura, shi ne mai ɗuri ke wankewa, ya matse shi ya koma girmansa na da, ya sa masa sabuwar firaima da albarushi da sabon kai. Ba da giram ake auna albarushin ba, da wani ma'auni ne da ake kira giren. Giren 7,000 ke yin laba ɗaya, giren ɗaya kuwa bai cika miligiram 65 ba, kuma sikelin Baba yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren ɗin. Ranar da na fara ganin yana ƙara albarushi ƙwaya-ƙwaya sai na tuna 'yan bindigar hawan sallah da ke ɗura adaka da awon tafin hannu. Sai dai nasu baƙin albarushi ne mai hayaƙi, wannan kuwa marar hayaƙi ne, irin wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fara haɗawa a 1884, kuma ƙarfinsa ya yi wa na da nisa. Duk wanda ya auna shi da ido, to ya shirya rabuwa da yatsunsa.

To ina tsani ya shigo? Kowane kamfanin albarushi ko na kan harsashi yana buga littafin awo, inda yake faɗin mafi ƙarancin nauyin da za a fara da shi da kuma iyakar da ba a ƙetarewa. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili, kuma tambayar mai ɗuri ita ce: a ina cikin filin nan bindigata ta fi jin daɗi? Wani maƙerin bindiga kuma gwanin harbi ɗan jihar Vermont, Creighton Audette, shi ake jingina wa hanyar amsa wannan tambaya da harsashi kaɗan. Mutum zai ɗura kamar guda 20, kowanne ya ɗara na bayansa da ɗan abin da bai wuce kashi biyu ko uku cikin goma na giren ba. Sai ya kafa babbar farar takarda a nisan yadi 300, ya saita wuri ɗaya tak, ya yi ta harbi daga mafi rauni zuwa mafi ƙarfi, yana lura da ramin da kowanne ya huda. Tunda ƙarin albarushi ƙarin gudu ne, kuma harsashi mai gudu bai cika sunkuyawa ƙasa ba kafin ya isa, ramukan sai su riƙa hawa takardar kamar matakan tsani. Abin da ake nema shi ne inda hawan ya tsaya, matakai uku ko huɗu a jere suka taru wuri ɗaya duk da cewa albarushinsu ya bambanta. Wannan wurin shi ake kira gaɓa, kamar dai gaɓar rake. Ka zaɓi tsakiyarta, ka samu awonka, ko da sikeli ya ɗan yi kuskure ko rana ta yi zafi harbinka ba zai kauce ba.

Bayanin da ake bayarwa yana da daɗin ji, kuma ba tatsuniya ba ce zalla. Idan wuta ta tashi a cikin bindiga, bututunta yana karkarwa kamar bulala, bakinsa na yin sama da ƙasa, alhali harsashin bai fi ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yana tafiya a ciki ba. Harsashi mai sanyin gudu yana makara wajen fita. In aka yi dace ya fita lokacin da bakin bututun ke kan hanyar yin sama, sai ya tashi da ɗan ƙarin ɗagawa wanda zai rama masa rashin gudunsa, su je su haɗu da mai gudun a can nesa. 'Yan gasar harbi na Bisley a Ingila sun daɗe da lura da irin wannan hali a bindigar Lee-Enfield, wadda suka ce ta fi nuna kanta a yadi 900 da 1,000 fiye da yadda ake zato. Daga baya wasu suka fito da nasu salon. Dan Newberry ya ce a harba uku-uku na kowane awo a yadi 100, ana zagayawa bi da bi. Scott Satterlee kuma ya shahara da cewa harsashi 10 sun isa, a harba su ta gaban na'urar auna gudu, a duba inda gudun ya ƙi ƙaruwa duk da ƙarin albarushi. Baba dai ɗan gargajiya ne, tsanin Audette ya riƙe.

Ni kuwa aikina na yau da kullum a ɗakin gwaje-gwaje ne na wani kamfanin haɗa magunguna, inda abincina shi ne in hana a yanke hukunci a kan buhu saboda ƙwaya ɗaya. Don haka tun ranar da Baba ya zana mini tsanin a bayan ambulan wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. Na yi shiru saboda ni baƙo ne a harkar, kuma a tarbiyyarmu yaro ba ya tsinka wa babba magana a garejinsa. Amma da dare na zauna da biro na yi lissafi.

Bindigata .308 Winchester ce, irin harsashin da ya fito kasuwa tun 1952. Kan harsashin da nake sawa mai nauyin giren 168 ne, yana fita da gudun ƙafa 2,600 da ɗoriya a daƙiƙa. A wurina, kowane mataki na tsanin yana ƙara gudun da kamar ƙafa 10 ne zuwa 12. To amma ko da na ɗura harsashi 10 da awo ɗaya, kwanso iri ɗaya, hannu ɗaya, rana ɗaya, na'ura za ta nuna mini tazarar ƙafa 25 ko 30 tsakanin mafi gudu da mafi sanyi. Ka ga ke nan bambancin da ke zuwa don kansa ya fi wanda na ƙara da gangan. Ɓangaren takarda ya ma fi muni. Ƙarin gudun ƙafa 10 ba ya ɗaga harsashi ko da rubu'in inci a yadi 300, alhali bindigar farauta mai kyau, wadda ke tara harbinta cikin inci ɗaya a yadi 100, tana watsa shi cikin kamar inci uku a yadi 300 ba tare da an canza komai ba. Wato kana neman motsin rubu'in inci a cikin hayaniyar inci uku, da harbi ɗaya tak a kowane mataki. Ka watsa tsakuwa 20 a ƙasa, dole ka ga inda uku suka kwanta kusa da juna. Shin ƙasar ce ke da gaɓa a wurin?

Na kai shekara biyu ina hadiye wannan magana. Abin da ya sa na furta ta shi ne tsadar kaya. A 2020 da 2021 firaima ta ɓace a shaguna, kwalin guda 1,000 da ake saye dala 30 da 'yan kai ya koma dala 100, wani lokaci ma ba ka samu. Ga shi Baba duk sanda ya buɗe sabuwar gwangwanin albarushi sai ya sake hawa tsani daga farko, in gaɓar ta matsa ya ce ai sabon ɗauri ne, in ta sake matsawa ya ce sanyi ne. Kuɗin fanshonsa ke tafiya, bututun bindigarsa kuma na cinyewa, don bututu ma yana da kwanakinsa, wuta na cin maƙogwaronsa da kowane harbi. Wata ranar Asabar muna shan shayi na ce, "Baba, ina da roƙo. Mu ɗura tsani iri ɗaya har sau uku, mu harba su safiya ɗaya, a takardu uku. In gaɓar gaskiya ce, ai za ta fito a wuri ɗaya duk sau ukun."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake wannan abu." Na ce haka ne. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce firaima 60 ɗin daga aljihun wa za su fito? Na ce nawa. Ya ce to ya yarda.

Muka sami safiya marar iska a filin harbi na ƙungiyarsu. Shi ya yi harbin da bindigarsa, don hannunsa ya fi nawa tsayuwa nesa ba kusa ba, ni kuma ina kan madubin hangen nesa ina sa wa kowane rami lamba. Mun shafa wa kawunan harsasan tawada kala-kala yadda za su bar alama a gefen ramin, muna kuma barin bututun ya huce tsakanin harbi da harbi. A takarda ta farko gaɓa ta fito sarai, mataki na shida zuwa na takwas sun kusa shiga rami ɗaya. Baba ya buga cinyarsa ya ce, "Ka gani ko?" A takarda ta biyu waɗannan matakai ukun suka watse kamar ba su san juna ba, sai ga wani taro ya ɓulla can wajen na 12 da na 13. Ta ukun kuwa ba mu ma iya yarda a kan ko akwai gaɓa a cikinta ba, shi yana nuna nan, ni ina nuna can. Da muka ɗora takardun uku a kan juna muka ɗaga su a rana, abin da ya rage shi ne hawa ɗaya a hankali daga ƙasa zuwa sama, da watsuwa ko'ina a gefensa.

Bai ce komai ba a mota. Ni ma ban ce ba, kuma kada mai karatu ya zaci daɗi nake ji. Mutumin nan ya buɗe mini ƙofarsa lokacin da sauran maƙwabta ke ɗaga mini hannu daga nesa kawai, shi ya tsaya mini har na sami shiga ƙungiyar, shi ya raka ni dajin farko. Ga shi na sa shi yana kallon littattafai 20 da wani ido. Kwana tara bai kira ni gareji ba, na ƙirga. Maiɗakina ta ce in dafa shayi in bi shi, na ce a'a, a bar dattijo ya gama shawara da kansa.

Ran na goma sai ga shi a ƙofa da nasa sharaɗin. Ya ce harbi ɗaya-ɗaya ya yarda ba hujja ba ne, amma awon da ya daɗe yana amfani da shi, wanda ya samo daga tsani shekaru da dama, a gwada shi da awon da littafinsa ya ce shi ne mafi lalacewa a wannan bindiga. Guda 20 na wannan, 20 na wancan. Na ƙara da nawa sharaɗin, cewa matarsa ce za ta zuba su a akwati biyu ta rubuta alama a ɓoye, don kada hannunsa ya san wanda yake so ya yi nasara. Ya ce wato har zuciyarsa ma ban yarda da ita ba? Na ce Baba, tawa ma ban yarda da ita ba, haka muke yi a wurin aiki. Da aka gama harbi ya tsaya gaban takardun biyu ya daɗe, sannan ya nuna ta hagu ya ce wannan ce tasa. Muka auna, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin fensir ba. Muka kira gida. Ta dama ce tasa.

Wannan abu da muka gani a ɗan filinmu ba sabo ba ne a wurin masana. Tun 1964 Frank Grubbs, masanin lissafi a cibiyar gwajin makamai ta sojan Amurka da ke Aberdeen, ya fitar da ɗan littafi a kan yadda ake auna watsuwar harbi. Lissafin ya nuna cewa bindiga ɗaya, harsashi ɗaya, faɗin rukunin harbi 10 yakan ninka na harbi uku sau ɗaya da rabi da ɗan ɗori, kuma rukunin harbi uku yana iya fitowa ƙarami yau, gobe ya ninka, ba tare da wani dalili ba. A ƙarshen 2022 kuma injiniyoyin kamfanin Hornady na jihar Nebraska, Jayden Quinlan da Miles Neville, suka fito a shirin kamfanin na intanet suka ce sun harba dubban harsasai a ɗakin gwajinsu, kuma da zarar an kai harbi 20 ko 30 ko 50 a kowane awo, yawancin gaɓoɓin nan sai su narke. Aka yi ta cacar baki a kansu, har yau ba a daina ba. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne kamfanin da ke sayar da kan harsashi ne ke gaya wa masu saye cewa gwajin da suke ƙona kaya a kansa ba ya nuna abin da suke zato.

Sai dai zan yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Nan jiharmu, kusa da Williamsport, akwai tsohuwar ƙungiyar masu gasar harbi daga kan teburi a yadi 1,000, kuma da yawa daga irin waɗannan mutane har gobe tsani suke hawa, suna kuma cin kofi. Bindigoginsu wasu irin dodanni ne masu nauyi, watsuwarsu ƙanƙanuwa ce ainun, kuma a yadi 1,000 bambancin gudu kaɗan yana zama inci da yawa. Inda hayaniya ta yi ƙasa haka, mai yiwuwa ne a ji raɗar da ni ba zan taɓa ji a bindigar farauta ba. Ban da haka suna maimaita gwajin sau da yawa, ba safiya ɗaya suke yanke hukunci ba. Don haka ni ban ce karkarwar bututu ƙarya ba ce. Abin da na ce shi ne harsashi 20 a takarda ɗaya ba su isa shaida ba, ko a kan gaɓa ko a kan rashinta.

Akwai kuma aikin da tsani ke yi wanda ba wanda ya isa ya raina, shi ne ma dalilin da ya sa ban daina hawansa ba. Hukumar SAAMI, wadda masu ƙera makamai da harsashi na Amurka suka kafa a 1926, ta sa iyakar matsin .308 Winchester a laba 62,000 a kan kowane inci murabba'i. Tayar motarka 30 da 'yan kai take ɗauka. Wannan wuta kuwa tana tashi ne inci kaɗan daga idon mai harbi. Hawa daga ƙasa mataki-mataki shi ke ba mutum damar ya ga alamun cewa matsi ya fara yawa tun kafin ya yi ɓarna: firaima ta baje, gindin kwanso ya fito da tabo mai sheƙi, hannun sakata ya yi tauri wajen ɗagawa, ko gudu ya wuce abin da littafin awo ya nuna. Da ganin ɗaya daga ciki sai a tsaya, a kwance sauran harsasan, ko da ba a kai iyakar littafi ba. Baba ya shekara fiye da 40 yana ɗuri da yatsunsa goma da idanunsa biyu, kuma da na sake duba littattafansa da wannan ido sai na ga shafi bayan shafi inda ya rubuta "na tsaya a nan" ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Na nuna masa. Ya ce shi bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin sakamakon gwajin ba, a wurinsa hankali ne kawai.

Ga mafarauci kuma lissafin mai sauƙi ne. Wurin da ake nema a ƙirjin barewar nan mai farar wutsiya ya kai faɗin faranti, kamar inci takwas, kuma a dazukanmu masu duhun itace da wuya harbi ya wuce yadi 100. Abin da ke sa dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale ba kashi biyu cikin goma na giren ba ne, numfashin maharbi ne da gaggawarsa da rashin sanin inda harbinsa na farko daga bututu mai sanyi ke sauka. Shi ya sa ni yanzu nake zaɓar awo a tsakiyar fili, nesa da iyaka, in ɗura 30 iri ɗaya, in harba su a ranaku daban-daban, in ɗora takardun a kan juna. Faɗin da na gani shi ne gaskiyar bindigata, ko da bai yi daɗin nunawa a ƙungiya ba. Ragowar firaimar kuma in kashe ta wajen koyon harbi a tsaye da a durƙushe.

Baba bai bar awonsa na da ba. Ya ce tunda ba shi da bambanci da sauran, to ba shi da dalilin canza shi, kuma a nan ba ni da ta cewa. Har yanzu in ya yi harbi uku suka shiga rami ɗaya sai ya yanke takardar ya sa a walat, in ya nuna mini sai ya riga ni cewa, "Na sani, na sani, uku ne kawai." Lokacin farautar barewa da bindiga a jiharmu, wanda tun 2019 ya koma buɗewa ranar Asabar ta bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, tare muke fita kamar kullum, shi da fulas ɗin kofi ni da na shayi.

A bana jikansa ya sayi bindiga 6.5 Creedmoor, ya kawo wa kakansa ya nema masa awo. Baba ya kira ni gareji, na tarar ya buɗe sabon littafi ya ja layuka. Matakai bakwai ya tsara maimakon 20, masu faɗin tazara, kowanne harsashi biyar, kuma ya bar shafi biyu a gaba babu komai, ya rubuta "maimaici" a saman kowannensu. Ya ce jikan ne zai biya kuɗin firaima, ni kuma in zo da madubi da tawada. Mun ɗura su tun makon jiya, suna cikin akwati, iska muke jira ta kwanta.